Hukuncin Ɗan Kwangila Idan Ya Tsawwala Kuɗin Aiki: Hujjar Da Ta Halatta Da Wadda Ta Haramta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halatta ciniki, Ya haramta cin dukiyar mutane da ƙarya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda ya yi fatauci har mutanen Makka suka shaide shi da amana tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wanda ya ratsa unguwar Gawon Nama a birnin Sakkwato, ko wata unguwa irinta da ake ta sababbin gine-gine, zai ga aiki iri biyu. Akwai inda tifa ke sauke yashi, leburori suna kwaɓa siminti, birkila yana kan tsani. Akwai kuma inda gini ya kai linta ya tsaya cik, damina ta wuce ta kansa har ciyawa ta tsiro a cikin ɗakunan. Idan aka bi diddigin irin wannan na biyu, sau da yawa sai a tarar ba mutuwa ce ta tsai da shi ba, saɓani ne a kan kuɗi. Mai aiki yana cewa ɗan kwangila ya tsuga masa kuɗi tun farko, sa'an nan ya dawo neman ƙari. Ɗan kwangila kuwa yana cewa kaya sun tashi, kuma ba zai yi aiki da faɗuwa ba. Da haka zumunci yake lalacewa, dukiya ta salwanta, leburan da bai san hawa ba bai san sauka ba ya kwana da yunwa.

Darasin wannan mako zai amsa tambayoyi uku. Shin ya halatta ɗan kwangila ya nemi kuɗin da ya fi na abokan sana'arsa? Idan ya halatta, da wace hujja zai kare farashinsa a gaban mai aiki? Kuma yana da ikon neman ƙari bayan an riga an ƙulla magana?

MATSAYIN KWANGILA A SHARI'A

Kalmar kwangila baƙuwa ce, amma abin da take nufi ba baƙo ba ne. Hausawa sun daɗe da sanin jinga, watau a yanka wa mutum lada sananne a kan aiki sananne, ko ya gama shi a kwana biyu ko a kwana goma. Tun kafin zuwan Turawa akwai magina masu sarauta da iyalan gidansu, irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, wanda ya kafa birnin Sakkwato a 1809, ya yi wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje wasiyya a cikin Usulus Siyasa da ya kula da masu sana'a, ya kuma kula da gina garuruwa da kasuwanni da hanyoyi.

Alƙur'ani mai girma ya ambaci karɓar lada a kan gini. A Suratul Kahfi, aya ta 77, bayan bawan Allah Haliru ya tayar da bangon da ke shirin faɗuwa, Annabi Musa ya nuna masa cewa da ya so da ya karɓi lada a kansa. A Suratul Ƙasasi kuma, aya ta 26 da ta 27, an ba da labarin ijarar Annabi Musa a Madyana, inda aka ambaci siffofi biyu na wanda ya fi cancanta a ɗauka aiki, watau ƙarfi da amana, aka kuma yanke wa'adi sananne, shekara takwas, idan ya cika goma to kyautatawa ce daga gare shi.

Malaman fiƙihu sun kasa irin wannan aiki gida biyu. Idan kayan aiki na mai gida ne, ɗan kwangila ƙarfinsa da gwanintarsa kawai ya kawo, to wannan ijara ce. Idan kuwa shi zai kawo siminti da rodi da katako sa'an nan ya yi ginin, to ciniki da ijara ne suka haɗu a ƙulli guda. A cikin Mudawwana, babban littafin mazhabar Malikiyya, an halatta mutum ya ɗauki magini ya gina masa gida a kan cewa tubali da abin shafe daga maginin za su fito. Malaman Hanafiyya suna kiran irin wannan istisna'i, watau sa a ƙera wa mutum abu. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta tabbatar da cewa wannan ƙulli yana lizimtar ɓangarorin biyu idan an bayyana jinsin abin da siffarsa da adadinsa da wa'adinsa, kuma ya halatta a biya kuɗinsa kashi-kashi.

Sharaɗin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne a san aikin, a san ladan. Saboda haka al'adar nan ta cewa "fara aikin kawai, ai ba za mu ɓata ba" ba ta da kyau ko kaɗan. Lada ne wanda ba a sani ba, kuma idan rigima ta kai gaban alƙali, abin da zai yanka shi ne ladan da ake biyan irin wannan ma'aikaci a kan irin wannan aiki, ko ya yi wa ɗayansu daɗi ko bai yi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

SHARI'A BA TA YANKA WA RIBA IYAKA BA

Wasu suna zaton akwai wani adadi da aka ƙayyade, wai kada ribar ɗan kasuwa ta wuce kashi kaza cikin ɗari. Babu ayar da ta faɗi haka, babu kuma ingantaccen hadisi. Abin da Suratun Nisa'i, aya ta 29, ta shar'anta shi ne ciniki ya kasance da yardar juna. Buhari ya ruwaito cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ba Urwatul Bariƙi dinari ɗaya ya sayo masa akuya. Sai ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya komo da akuya da dinari, Annabi kuma ya yi masa addu'ar albarka a cinikinsa. Har ila yau a cikin Buhari, Zubairu ɗan Awwamu ya sayi filin Gaba a kan 170,000, ɗansa Abdullahi ya sayar da shi bayan rasuwarsa a kan 1,600,000. Kuma lokacin da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Annabi ya yanka farashi, sai ya ƙi, ya nuna cewa yana fatan ya gamu da Ubangijinsa babu mai binsa haƙƙin jini ko na dukiya, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Anas.

Don haka idan wani ya ce zai gina shaguna a kan naira miliyan tara, wani kuma ya ce shi sai goma sha ɗaya, na biyun bai yi laifi ba don ya fi tsada. Mai aiki yana da bakin da zai taya, ɗan kwangila yana da bakin da zai ce albarka.

Amma fa akwai bambanci babba da malamai suka yi tsakanin hanyoyin ciniki, kuma a nan ne mafi yawan 'yan kwangila ke zamewa. Hanya ta farko ita ce musawama, watau tayi da sallamawa ba tare da an ambaci uwar kuɗi ba. A nan ɗan kwangila ya faɗi kuɗinsa dunƙule, ba tilas ne ya ce ga abin da zai kashe ga abin da zai ci ba. Hanya ta biyu ita ce murabaha, watau ya ce na sayi kaza a kan kaza, a ɗora mini riba kaza. Wannan ciniki ne na amana, kowace lamba da ya rubuta shaida ce a kansa. Shi ya sa malaman Malikiyya suka fi son musawama, domin murabaha tana bukatar bayani mai yawa wanda ba kowa ke iya cika shi ba. Hanya ta uku ita ce ta wanda ya miƙa wuya, ya ce ni ban san kan wannan aiki ba, yi mini yadda kake yi wa mutane. Irin wannan ana kiransa mustarsili, kuma ƙwararsa haramun ce, yana da ikon warware cinikin idan ta bayyana an cuce shi. Matar da mijinta ya rasu ta ɗauko gadon marayu za ta gina musu abin haya, ko ma'aikacin da ke nesa ya aiko da kuɗi ya ce na bar maka amana, duk suna shiga nan.

Ke nan ɗan kwangila yana da ikon ya yi shiru a kan ribarsa. Amma da zarar ya buɗe baki ya kawo dalilin tsadarsa, to dalilin ya zama wajibi ya kasance gaskiya.

HUJJOJIN DA SUKA HALATTA

Hujja ta farko ita ce ingancin kaya. Buhun siminti kilo 50 ne a hannun kowa, amma yawan bulon da ake bugawa da shi ya bambanta, kuma wanda ya tsawaita yashi don ya sami bulo mai yawa zai fi araha. Haka rodi mai kaurin milimita 16 ba ɗaya yake da mai 12 ba, kwano ma yana da mai kauri da marar kauri, katako yana da busasshe da ɗanye. Idan ɗan kwangila ya rubuta wa mai aiki irin kayan da zai sa, ya ce a gwada da na wanda ya fi shi araha, to ya kawo hujja mai ƙarfi, kuma ya yi nasiha. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Ta biyu ita ce gwaninta da amana, siffofin nan biyu da Suratul Ƙasasi ta ambata. Ya halatta mutum ya faɗi abin da ya iya idan da bukata, kamar yadda Annabi Yusufu ya siffanta kansa da tsaro da sani a gaban sarkin Masar a Suratu Yusuf, aya ta 55. Ɗan kwangila ya ce a je a duba gidan da ya gina shekara goma da suka wuce, a tambayi mai shi, wannan ba alfahari ba ne, matuƙar shi ɗin ne ya gina.

Ta uku ita ce lamuni. Sananne ne a mazhabar Malik cewa masu sana'a suna lamunce abin da aka danƙa musu idan suka tafi da shi, domin maslahar jama'a. Wanda ya ɗauki nauyin cewa idan rufi ya yi yoyo ko bango ya tsage saboda aikinsa zai gyara da kuɗinsa har wa'adi kaza, ya ɗauki kaya, kuma kaya yana da lada.

Ta huɗu ita ce ladan ma'aikata. Buhari ya ruwaito hadisi ƙudusi cewa Allah da kanSa zai yi husuma da mutum uku ranar alƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ma'aikaci ya cika masa aiki shi kuwa ya hana shi ladansa. Ɗan kwangilar da ke sallamar birkila da kafinta da lebura a kan kari, da lada mai kyau, ba zai yi farashi ɗaya da mai danne musu haƙƙi ba.

Ta biyar ita ce lokaci da wahalar wuri. Aikin da ake so kafin damina ya sauka yana bukatar ƙarin hannu. Filin da ke da taushin ƙasa yana cin tushe mai zurfi. Wurin da babu ruwa sai an saya, lungun da tifa ba ta shiga sai an yi dako, duk kuɗi ne. Ko da yake masana'antar siminti ta Kalambaina, wadda aka kafa kamfaninta a 1962 ta fara aiki a 1967, tana nan kusa da gari, rodi da kwano da yawancin katako daga nesa ake kawo su, kuma kuɗin mota yana kansu.

Ta shida ita ce jinkirin biya. Jumhurun malamai sun halatta farashin ajali ya fi na hannu, da sharaɗin a tsaya a kan farashi guda kafin a rabu. Abin da bai halatta ba shi ne a ce bashin da ya riga ya tabbata zai riƙa ƙaruwa duk wata idan an makara, wannan shi ne kuɗin ruwa.

A ɗauka misali wani dattijo a Gawon Nama ya kira ɗan kwangila ya ce masa, "Malam, wani ya yi mini ƙasa da naka da miliyan biyu. Me ya sa naka ya yi tsauri haka?" Amsar mai tsoron Allah ita ce, "Alhaji, Allah Ya ƙara girma, ban san abin da ya rubuta maka ba, ba kuwa zan ɓata shi ba. Ga takardata, ga kaurin rodin da zan sa, ga irin kwanon, ga ranar da zan miƙa maka makulli, ga abin da na lamunce. A aza ta kusa da tasa. Idan kaya ɗaya ne, to ba shi aikin, Allah Ya sa albarka." Wannan magana ba ta da rantsuwa, ba ta da sukar kowa, kuma ta bar wa dattijon zaɓinsa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Hakimu ɗan Hizamu cewa masu ciniki idan suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa wa cinikinsu albarka, idan kuwa suka ɓoye suka yi ƙarya, ana shafe albarkarsa.

HUJJOJIN DA SUKA HARAMTA

Na farko, ƙarya a kan farashin kaya. Wanda ya sayi buhu a kan kuɗi kaza ya rubuta fiye da haka, ko ya sa mai shago ya yi masa rasiɗi biyu, ya ci haram ko da jimillar kuɗinsa ba ta fi ta kasuwa ba. Hukuncin Malikiyya a murabaha shi ne, idan ƙarya ta bayyana sai mai sayarwa ya zubar da ƙarin da ribar da aka ɗora a kansa, in ya ƙi mai saye yana da zaɓin warwarewa. Sun kuma wajabta a bayyana ragin da aka saba yi wa mai sayen sari, da ajalin da aka ba shi idan bashi ya ɗauko kayan. Imam Malik ya bambanta a cikin Muwaɗɗa tsakanin abin da ke zama a jikin kaya, kamar rini da ɗinki, wanda ake lissafa shi a ɗora masa riba, da kuɗin dako wanda ake lissafawa amma ba a ɗora masa riba sai an gaya wa mai saye ya yarda.

Na biyu, rantsuwar ƙarya. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa rantsuwa tana sa haja ta shiga amma tana shafe albarka. Cikin mutum ukun da Allah ba zai dube su ba ranar alƙiyama akwai wanda ya rantse a kan hajarsa cewa an ba shi fiye da abin da aka ba shi alhali ƙarya yake yi. Ɗan kwangilar da ke cewa "wallahi jiya wani ya ba ni fiye da haka na ƙi" ya duba kansa da kyau.

Na uku, haɗin baki. Annabi ya hana najashi, watau mutum ya ƙara tayi ba don zai saya ba sai don ya ruɗi wani. Idan 'yan kwangila uku suka shirya, biyu suka kawo farashi mai tsauri da gangan domin na ukun ya zama kamar mai sauƙi, to najashi ne a sabuwar riga.

Na huɗu, a karɓi kuɗin kaya mai kyau a sa marar kyau. Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tuhumi mai shi don me bai sa shi a sama mutane su gani ba, ya kuma barrantar da mai algus daga gare shi. Aikin gini ya fi tarin abinci haɗari, domin rodi yana shiga cikin kankare ba a sake ganinsa, sai ranar da bene ya rufta da mutane.

Na biyar, ƙara kuɗi domin a fitar da kason wakilin mai aiki ko ma'aikacin ofis. Wannan rashawa ce, kuma Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito la'antar mai bayarwa da mai karɓa. Idan aikin na hukuma ne laifin ya ninka, domin dukiyar ta jama'a ce. Ƙasar nan ta ɗanɗana kuɗarta a 1975, lokacin da aka ba da kwangilolin shigo da siminti wajen tan miliyan 20, jiragen ruwa fiye da 400 suka toshe tashar Ikko, ana biyan su kuɗin jira daga baitulmali, har gwamnatin Murtala Muhammed ta kafa kwamitin bincike. Dokar ba da kwangilar gwamnati ta 2007 ta shimfiɗa ƙa'idojin gasa a fili, amma doka ba ta isar wa zuciyar da ba ta tsoron hisabi.

Akwai kuma dabarar karya farashi. Wani yakan faɗi kuɗin da ya san ba za su gama aiki ba domin ya kori abokan takara, idan gini ya kai rabi sai ya ɗaga hannu ya ce sai an ƙara. Wannan yaudara ce tun daga tushe, kuma ita ce ta bar gine-gine da yawa a tsaye babu rufi.

NEMAN ƘARI BAYAN AN ƘULLA

Asali shi ne abin da aya ta farko ta Suratul Ma'ida ta umurta, watau cika ƙulle-ƙulle. Wanda ya karɓi jinga a kan kuɗi dunƙule, idan kaya suka sauka ba ya mayar da rara, saboda haka idan suka ɗan tashi shi zai ɗauka. Tashin farashi na yau da kullum yana cikin abin da kowane ɗan kasuwa ke lissafawa. Amma akwai ƙofofi uku da ƙari ke shigowa ta cikinsu.

Ƙofa ta farko, mai aiki ya canza aikin ko ya ƙara shi, kamar ya ce a ƙara ɗaki ko a sauya irin tagogi. Wannan sabon aiki ne mai sabon lada, kuma daidai shi ne a yanka kuɗinsa kafin a taɓa shi. Idan ɗan kwangila ya ƙara abu da ra'ayin kansa ba da izini ba, ba shi da ikon tilasta a biya shi.

Ƙofa ta biyu, sharaɗin da aka rubuta tun farko. Ya halatta a raba aiki mataki-mataki, tushe da kuɗinsa, bango da kuɗinsa, rufi da kuɗinsa, a yanka na kowane mataki idan an zo kansa. Ya halatta kuma mai aiki ya riƙa sayen kaya da kansa, ɗan kwangila ya tsaya a kan ladan aikinsa. A zamanin da farashi ba ya zama wuri ɗaya, waɗannan hanyoyi sun fi kuɓutar da kowa.

Ƙofa ta uku, musiba gama-gari wadda ba a zata ba. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi ya yi umurni a sauke wa mai saye abin da annoba ta halaka na 'ya'yan itace, kuma Malikiyya suka ƙaddara hakan da sulusi ko fiye. A kan wannan asali da makamantansa, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yanke a 1402 bayan hijira, daidai da 1982, cewa a ƙulle-ƙulle masu dogon wa'adi irin na kwangila, idan farashi ya sauya sauyi mai girma saboda dalili gama-gari da ba a zata ba, har cika alkawari zai jawo hasara mai tsanani, kuma ba sakacin ɗan kwangila ne ya jawo ba, to alƙali yana da ikon daidaita haƙƙoƙi ya raba hasarar tsakanin ɓangarorin biyu, ko ya warware abin da ya rage, ko ya ba da jinkiri. A lura, alƙali aka ba wannan iko, ko kuwa su biyun su yi sulhu. Ba a ce ɗan kwangila ya yanka wa kansa ba.

Mutane sun ga irin wannan hali ba da daɗewa ba. Bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki. Buhun siminti da ake saye wajen naira 5,000 a ƙarshen 2023 ya haura 10,000 a wurare da yawa cikin Fabrairu, 2024.

To ko a nan ma sai an yi lissafin gaskiya. Misali, aiki yana cin buhu 600, an ƙulla a kan naira 5,500 kowane buhu. An riga an sayi 400 kafin tashin farashi, saura 200, sai buhu ya koma 9,500. Abin da ya ƙaru shi ne 4,000 sau 200, watau naira 800,000, kuma a kansa ne za a zauna a yi sulhu. Wanda ya lissafa 4,000 sau 600 ya nemi 2,400,000, ya nemi naira 1,600,000 na zalunci. Idan kuwa an ba shi kuɗin buhu 600 tun farko a matsayin kafin alƙalami, ya karkatar da su zuwa wani aiki har farashi ya tashi, to ba ya bin mai aiki ko kwabo, domin sakacinsa ne.

ABIN DA KE KAN MAI AIKI

Adalci ba a kan ɗan kwangila kaɗai yake ba. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa taurin bashin mawadaci zalunci ne. Mai aikin da ya riƙe kuɗin mataki wata uku alhali yana da su, har kaya suka tashi, shi ne sanadin hasarar, kuma bai kamata ya ɗora ta a kan wani ba. Haka wanda ke ƙirƙiro farashin ƙarya ya ce wani ya yi masa ƙasa da haka don ya karya ɗan kwangila, ya faɗa cikin irin laifin da ake zargin 'yan kwangila da shi. Farkon Suratul Muɗaffifina ya yi narko ga masu cika mudu idan za su karɓa, su tauye idan za su bayar, kuma wannan ya haɗa da mai son aiki na ƙwarai a kan kuɗin aikin banza.

Idan mai aiki ya ga ɗan kwangila ya shiga ƙunci na gaskiya, ya sassauta masa ko ya yarda a warware, yana da lada. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya karɓi warwarar ciniki daga Musulmi, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Buhari kuma ya ruwaito addu'ar rahama ga mutum mai sauƙin hali idan ya sayar, idan ya saya, da idan ya bi bashi.

Maganin mafi yawan wannan rigima yana cikin aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, kuma a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kafin a haƙa tushe, a rubuta irin aikin da girmansa, da irin kayan da wanda zai saye su, da kuɗin da lokutan biyansa, da ranar gamawa, da abin da za a yi idan an canza aiki ko kasuwa ta birkice. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe takardarsa. Yin haka tsakanin 'yan'uwa da aminai ba rashin yarda ba ne, bin umurnin Allah ne, kuma ayar da kanta ta nuna cewa shi ya fi adalci, ya fi tsai da shaida, ya fi kawar da shakka.

Allah Ya azurta masu aiki da 'yan kwangila da halal mai albarka, Ya kiyashe su daga haƙƙin juna. Allah Shi ne Mafi sani.